Matar Fuad a Sahun Sababbin Zuwa

Fuad Salie direban bas ne, kuma daga ƙuruciyarsa har ya ajiye aiki bai taɓa yin wata sana'a ba. Ya kwashi mutane daga Athlone zuwa tsakiyar Cape Town, ya juyo da wasu, a haka rayuwarsa ta tafi. Dogo ne mai ɗan doro, magana tana yi masa nauyi ƙwarai. Akwai fasinjojin da suka yi shekaru suna shiga motarsa ba su san irin muryarsa ba. A unguwa Boeta Fuad ake ce masa, wato Yaya Fuad, yara da manya, kuma in ka tambayi maƙwabta abin da suka sani a kansa, abu biyu za su faɗa maka: ba ya fashin masallaci, sannan mijin Galiema ne, malamar nan mai wasan kumbo.

Abokinsa Deon, makanike a garejin bas, shi ya fara jan sa wurin wasan, tun mulkin wariya bai gama faɗuwa ba. Da samosa ya yaudare shi. Fuad ya zaci karta ce za a buga. Sai ya tarar da mutane kaɗan, baƙar fata da farar fata da na tsakani, sun kewaye wata tsohuwar ƙofa da aka ɗora kan durom biyu a garejin wani dattijo. Babu komai a kai sai takardu da fensir da wasu ƙwayoyi irin na ludo, sai dai fuskokinsu sun fi yawa. Mutum ɗaya ke jan labari. Zai ce ga ku cikin kumbo, kun bar duniya tun kakanninku, ga wuta ta tashi a ɗakin inji, me za ku yi? Kowa da wanda yake wakilta a cikin jirgin, wani likita, wani soja, wani mutum-mutumi. Ka faɗi abin da za ka yi, ka jefa ƙwaya, ita za ta nuna ko ka dace ko ka kwashi kashinka a hannu.

Mai jan labarin 'yar mai garejin ce, Galiema, malamar firamare, gajeriya mai murya kamar ta mutum uku. Tana da doka guda da ba ta ɗaga wa kowa: sabon zuwa ba ya zama sai ya miƙe ya faɗi sunansa, da inda ya fito, da aikin da yake so a cikin jirgi.

Fuad ya miƙe, kansa har yana taɓa ƙwan fitila.

"Sunana Fuad," ya ce.

"Mun ji," in ji Galiema. "Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

"Kai Deon, a ina ka tsinto wannan? Mutum muka ce ka kawo mana, ba turken wutar lantarki ba."

"Direba ne, Malama," Deon ya ce yana dariya. "Da hannu yake magana."

"Alhamdu lillahi! Direbanmu ya mutu makon jiya, wani dodon ƙanƙara ya haɗiye shi har da takalma. Zauna, bawan Allah, kujerarsa ko hucewa ba ta yi ba."

Ya zauna, kuma a wani ƙaulin bai sake tashi ba. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura musu aure. Mutane sun yi ta mamakin abin da ya haɗa su, ita da baki ba ya rufuwa, shi da ba ya buɗewa. Galiema takan ce ai shi ya sa, gida ɗaya ba ya ɗaukar rediyo biyu. Allah ya ba su 'ya guda, Shamiela, wadda ta girma ta yi aure a Johannesburg.

Teburin ma ya girma. Daga gareji ya koma ɗakin taro na laburaren unguwa, kowace Asabar bayan azahar. Ɗalibai sun zo sun wuce, wasu sun dawo da 'ya'yansu. Fuad shi ne mai ɗauko akwatin kayan wasa, mai kawo fulas ɗin shayi, mai sauke waɗanda ba su da mota a ƙofar gidajensu. A cikin labari kuwa direban nan dai yake wakilta, fiye da shekara talatin, kuma yawanci abin da ake ji daga bakinsa shi ne, "Ku riƙe kujerunku." Jin daɗinsa duka a kallon matarsa yake, yadda take kumbura kumatu ta yi muryar sarkin wata duniya, ta juya ta ƙanƙance ta yi ta yaron da aka bari a tashar kumbo. Labaranta sun cika yawan mutanen da aka kora daga duniyarsu. Ba ta taɓa bayyana dalili ba, ba a kuma tambaye ta ba. Kowa ya san tana yarinya aka zo da katafila aka rushe unguwarsu ta District Six, aka watsa su bayan gari.

Ciwon ya shigo a hankali, bayan ta ajiye koyarwa. Ta fara da manta sunan mugun da ita ta ƙirƙira. Wata Asabar ta maimaita musu labarin da suka gama makon da ya wuce, tun daga farko, suka bi ta a haka. Fuad ya tsinci ƙwayoyin wasa a cikin gwangwanin sukari, ya wanke ya mayar. Ranar da ta fita sayen burodi wani yaron shago ya rako ta gida don ta kasa gane layinsu, ranar ya kai ta asibiti. Likita ya yi musu bayani a tsanake, ya ce ciwon mantuwa ne, ana iya rage masa gudu amma ba a juya shi. Galiema ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, likita, shi wannan dogon ka duba shi, don ni ce ke tuna masa inda ya ajiye tabarau."

Ita da kanta ta miƙa jan labari ga Anelisa, wata 'yar unguwar Langa mai aiki a kantin magani, wadda ta zo teburin tun tana sakandare. Galiema ta koma gefen mijinta ta zama 'yar wasa kamar kowa. An yi watanni a haka, har Fuad ya fara gaya wa kansa cewa wataƙila abin zai tsaya nan.

Wata Asabar aka yi sababbi biyu, wata ɗaliba da wani saurayi ɗan Harare mai suna Tendai. Anelisa ta buga tebur kamar yadda ta gada, ta ce sababbin zuwa su miƙe. Ɗalibar ta faɗi nata. Tendai ya ce shi injiniya yake son zama, don a gida ko fitila ya taɓa sai ta ƙone, yana son ya gwada sa'arsa a sama. Ana cikin dariya kujera ta yi ƙara a gefen Fuad. Galiema ce ta miƙe. Ta gyara mayafinta, ta haɗa hannuwa a gaba kamar yarinya a ofishin hedimasta.

"Sunana Galiema Davids," ta ce. "Ina koyarwa a firamare, aji uku. Ban taɓa yin irin wannan wasa ba, sai ku yi haƙuri da ni. In akwai wuri, ina so in zama mai kula da shuke-shuken cikin jirgi."

Ɗaki ya kaure da dariya, an zaci tsokana ce irin tata. Deon ya buga cinya ya ce, "Wannan baƙuwa kuwa kamar na taɓa ganin ta a wani wuri!"

Ta juyo ta yi masa murmushin ladabi, irin wanda ake yi wa dattijon da ba a sani ba. Dariyar ta mutu a bakin kowa. Davids sunan gidan ubanta ne, rabonta da shi tun ranar aure.

Anelisa ta dubi Fuad. Shi kuwa ya ɗan gyaɗa mata kai.

"Barka da zuwa, Anti Galiema," Anelisa ta ce. "Akwai wuri. Shukokinmu duk sun bushe, dama mai hannu muke nema."

Deon ya miƙe ya ce ya bar motarsa a buɗe. Ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo kuma idanunsa sun yi ja.

Abin da ya fi ci wa Fuad rai shi ne, ranar ta yi wasa mai daɗi. Ta tambayi yadda ake jefa ƙwaya, Tendai da bai san komai ba ya nuna mata, su biyu suka zama abokan juna, sababbi cikin tsofaffi. Ta ceci jirgin gaba ɗaya da wani kabewa da ta shuka a ɗakin inji. Ta yi dariya har da hawaye. A hanyar gida tana kallon taga ta ce, "Mutanen kirki ne. Yarinyar nan kuma ta iya labari. Wa ya koya mata?"

"Wata malama ce," in ji Fuad.

"Allah ya yi mata albarka."

Mutumin da ya yi rayuwarsa bai taɓa tsayawa inda ba tasha ba, ranar ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya ce mata wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Daga nan abin ya zama na kowace Asabar. Ko da sababbi ko babu, Anelisa sai ta buga tebur ta kira, Galiema ta miƙe ta gabatar da kanta. Wani makon malama ce, wani makon ɗalibar kwalejin horon malamai, wani makon ta ba da adireshin gidan da aka rushe tun tana yarinya. Yau tana son zama likita, mako mai zuwa mai dafa abinci. Teburin kuwa ya karɓe ta kowane lokaci kamar bai taɓa ganin ta ba. Aka sanar da Tendai gaskiya, sai ya roƙa a bar shi ya ci gaba da zama kusa da ita yana nuna mata ƙwaya. In an yi baƙi na gaske, Deon yakan tare su a ƙofa ya raɗa musu, ya ƙara da cewa duk wanda ya yi dariyar banza zai haɗu da sifana.

Shamiela ta zo hutu ta ga abin da idonta. Da suka koma gida ta tsare ubanta a kicin.

"Baba, kun mai da Mama abin kallo. Mutumin da ya kafa wuri, a ce yana tashi yana roƙon kujera a cikinsa? Ni zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Fuad yana wanke kofuna, bai juyo ba. "A gida ba ta dariya," ya ce. "A can tana yi."

"Kai fa? Kana yi?"

Shamiela ta ɗauki tsumma ta fara goge kofunan, maganar ba ta sake tashi ba.

A gida Galiema tana gane shi wani lokaci, wani lokaci ta ɗauke shi yayanta da ya rasu. Amma a tebur ba ta taɓa tambayar ko shi wane ne ba, sai wata Asabar cikin damina. Ta gama gabatar da kanta, za ta zauna, sai ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Wannan bawan Allah da ya kawo ni fa? Shi ba zai tashi ba? Ko dokar mata kawai ta hau?"

Ba wanda ya motsa. Mutanen da wasunsu a hannunsa suka girma duk suka sunkuyar da kai. Fuad ya dafa tebur ya miƙe a hankali.

"Sunana Fuad Salie," ya ce. "Daga Athlone. Na daɗe ina zuwa nan."

"Me ya kawo ka? Ba ka yi kama da masu wasa ba."

"Wata na biyo."

"Iye!" Galiema ta tafa hannu, idanunta suka yi haske irin na da. "Ku ji min tsoho da ɗanyen kai. Matarka ta san kana nan kuwa?"

"Ta sani."

"Kuma ta yarda?"

"Ita ta ce in zauna."

"To ka riƙe ta da kyau, irinta ba su da yawa. Zauna, ka tare mana haske."

Ya zauna. Kafin Anelisa ta fara labari, sai Tendai ya ce shi yunwa yake ji, a fara shan shayi tukuna. Fuad ne ya zuba wa kowa, kamar kullum. Sai da ya je alwalar la'asar a bayan laburare aka ga ya daɗe tsugune gaban famfo, ruwa na zuba, shi ko taɓa shi bai yi ba.

Wannan hasken da ya gani a idonta shi ya sa masa rai. Da Anelisa ta kawo shawarar su ɗauko ɗaya daga tsofaffin labaran Galiema su sake bugawa, ko jin abin da ta ƙirƙira zai taɓo mata wani abu, Fuad ya amince da sauri. Shi ya zaɓi labarin ma, wanda ta fi alfahari da shi, na mutanen wata ƙaramar duniya da hukuma ta ce su tashi za a haƙi ma'adini.

Da farko abin ya yi kyau. Galiema tana saurare, leɓɓanta na motsi kamar mai bin karatu. Fuad yana kallon ta. Sai Anelisa ta zo inda injinan rusau suka iso bakin layi, ta ƙwanƙwasa tebur da hannu ta ce, "Ana buga ƙofa."

Galiema ta ƙwalla ƙara. Ta ture kujera ta shige ƙarƙashin tebur tana kiran mahaifiyarta, tana cewa a ɗauko tukwane, a ɗauko jariri, sun zo, sun zo. Fuad ya durƙusa ya miƙa mata hannu, ta kai masa duka a fuska.

"Kada ka taɓa ni! Ban san ka ba! Ku bar mana gidanmu!"

Duk lokacin da ya matso ihunta sai ya ƙaru. Deon ya fitar da mutane. Anelisa ta rarrafa ta shiga ƙarƙashin teburin ta rungume ta tana rarrashi kamar jaririya. Shi kuwa Fuad, da ya gane fuskarsa ce ke firgita ta, sai ya fita ya tsaya a bayan ƙofa inda ba za ta gan shi ba. Yana jin kukan matarsa ta jikin katako, ba shi da ikon shiga. Anelisa ta yi ta ba shi haƙuri daga baya tana kuka, ya ce mata ba laifinta ba ne, shi ya zaɓa.

Galiema ba ta sake zuwa teburin ba. Ko an bi da ita ta gaban laburaren sai ta ƙanƙame ƙofar mota. Fuad ma ya daina zuwa. Ya koyi dafa miyar tumatir da naman rago yadda take so, ya koyi taje mata gashi, ya koyi yi mata wanka yana kawar da kai don tana jin kunyarsa kamar baƙo. Maganarta ta yi ta raguwa har gidan ya zama shi ne mai yawan magana a ciki. Yakan zauna gefen gadonta ya ba ta labarin unguwa, wa ya haihu, wa ya tashi, ko da yake bai iya ba da labari ba, shi ma ya sani.

Ta rasu wata safiya ana ruwa, bayan an yi sanyi biyu a haka. Aka yi jana'iza a ranar. Layinsu ya cika da mutanen da maƙwabta ba su taɓa gani ba, wasu da furfura, wasu da jakar makaranta, suna tsaye cikin ruwa ba lema. Deon ya ari hula ya sa, ya bi gawa har maƙabarta, ya tsaya daga baya.

Shamiela ta so ta tafi da ubanta Johannesburg, ya ƙi. Anelisa ta zo sau da yawa tana roƙon ya dawo tebur, ya ce in sha Allahu, kuma har yau bai je ba. Yana nan a gidan, shi kaɗai. Deon ne ke zuwa ranar Lahadi da safe da ƙullin koesister mai zafi, wani irin fanke mai zaƙi, su zauna a baranda, ya ba shi labarin abin da ya faru a jirgi jiya.

Wata Lahadi Deon ya ce sababbi sun yi yawa yanzu, har an ƙara tebur na biyu, kuma sukan tambayi wanda ya kafa wurin.

"Me Anelisa ke ce musu?" Fuad ya tambaya.

"Gaskiya take faɗa. Cewa take wata masifaffiyar malama ce, mai maguɗi."

"Maguɗi?"

"Kai ma dai! Ba ka san in tana jan labari ta jefa ƙwaya a bayan hannunta, ƙarya take yi mana ba? In sabon zuwa ne ƙwaya ta ce ya mutu, sai ta ce ya tsira da ƙyar. Wai kada mutum ya zo ranar farko a kashe shi, ya koma gida da baƙin ciki."

"Galiema?"

"Kowa ya sani, Boeta. Kai kaɗai ne ba ka kallon hannunta."

Fuad ya fara dariya, irin wadda Deon bai taɓa ji daga gare shi ba, kafaɗunsa na girgiza. Can sai dariyar ta juye, ya rufe fuska da tafukan hannu. Deon ya matsar da farantin koesister gefe don kada ya faɗi, ya zauna yana kallon titi, har abokinsa ya gama.